Sandar da Kowa Ya Ce wa Masha Allah

Shekarun baya, lokacin da gemuna bai fara furfura ba kuma bakina ya fi haka kaifi, na kusa rasa kawuna a kan sandar ƙarfe. Yana nan da ransa da lafiyarsa ya daina amsa gaisuwata. Mutumin nan kuwa shi ne uba a wurina. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, kawu ya ɗauko ni da mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ya kai mu gidansa a unguwar Bulpiela, ya ciyar da mu ya tufatar, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni koyon aiki. Har yau in na tuna yadda abin ya faru raina yana ɓaci, amma ba da shi nake fushi ba.

Ni fita ne, wato bakanike, manyan motoci nake gyarawa. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ƙarƙashin mota ba, bari in faɗa muku wace sanda nake nufi. Doguwar sandar ƙarfe ce, a kanta akwai wani ɗan kai mai kusurwa huɗu da ke lanƙwasawa, a nan ake cusa soket a kama noti. Mu a nan pawa handil muke ce mata. In noti ya yi tsatsa ya ƙi jin maganar sufana, ita ake ɗaukowa, mutum ya ɗora mata duk nauyinsa. Shi ya sa fita yana iya yin sakaci da komai a akwatinsa ban da ita, domin in ta ci amanarka, jikinka ne zai biya.

A layinmu akwai al'ada. In mutum ya gama koyon aiki za a yaye shi, danginsa ne ke saya masa kayan aiki. Ranar yayen sai a shimfiɗa tabarma a tsakiyar gareji, a jera kayan a kai, a gayyato manyan fitocin layi. Kowane dattijo zai ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya, ya juya, ya sa albarka, ya ajiye. Sannan aikin farko da wanda aka yaye zai yi da sunansa, da waɗannan kayan zai yi shi, a gaban wanda ya saya. Al'ada ce mai kyau, ban ce a daina ba. Sai dai a hankali tabarmar ta koma wurin nuna arzikin dangi, mata suna leƙe suna ƙiyasta wa aka saya wa me.

Tun kafin a sa ranar yayena nake da sandar da raina ya kwanta da ita. Wajen wani mai sayar da kayan aiki na gwanjo take, kusa da tashar manyan motoci. Baƙa ce, duk ta sha karce, robar hannunta ma ta daɗe da tafiya. Amma kanta babba ne, irin na manyan motoci, kunnuwa biyun da suka riƙe fil ɗin da kan ke lanƙwasawa a kai masu kauri ne, fil ɗin kuma ana iya kwance shi a sauya. Mai kayan ya taɓa bari na fita da ita na gwada a tayar wata tifa. Na ɗora mata nauyina, ta ɗan ba da kai kaɗan, notin ya yi kuka ya saki, ta dawo ta miƙe abinta. Tun daga ranar nake bi ta wajen ina gaishe ta, wani abokina har tsokanata yake yi wai in kai kuɗin gaisuwa kafin wani ya riga ni.

Kawuna ɗan kasuwa ne, sababbin yaduka da takalma yake sayarwa a babbar kasuwa. A duniyarsa kaya iri biyu ne, wanda ke cikin leda da wanda aka zubar. Ranar sayayya ya sa farar riga ya fesa turare, na kai shi rumfar gwanjon nan yana tattare bakin rigarsa kada baƙin mai ya taɓa. Na ɗauko sandar na miƙa masa da hannu biyu ina washe baki. Bai karɓa ba.

"Wannan ce?" ya tambaye ni. "Abin da Bature ya mutu ya bari, shi zan ɗora a tabarma gaban jama'a? A ce maraya ne shi ya sa aka tsinto masa a bola?"

Na ce, "Kawu, ai ba ado za a yi da ita ba, aiki za ta yi."

To, da na san yadda maganar za ta sauka da na tauna ta tukuna. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, ya juya ya yi gaba. Na ajiye sandar na bi shi kamar akuyar da aka ɗaure wa igiya.

Wani sabon shago ya kai ni, mai gilashi da fanka. Mai shagon yana ganin farar riga ya san kakarsa ta yanke saƙa. Ya shiga ciki ya fito da wata doguwa a cikin leda, tana ƙyalli har mutum yana ganin fuskarsa a jiki, hannunta da jar roba.

Ya ce, "Alhaji, wannan orijina ne. Ko atikuleta ne, babban tirelan nan, zai kwance shi. In ya karye ka zo ka kulle shago na."

Na karɓa na duba. Kyan ɗan maciji ce. Ga tsawo, ga sheƙi, amma kunnuwan kanta sirara ne, fil ɗin kuma an daddaƙe shi ne kawai, tun a leda kan yake girgiza. Sanda mai tsawo da kai mai rauni ta fi kowace haɗari, domin tsawon ne zai ba ka ƙarfin da kan ba zai iya ɗauka ba. Na sunkuya kusa da kunnen kawu na faɗa masa a hankali. Mai shagon ya ji, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, yara na yanzu sun fi masta nasu sani." Kawu ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, shi da yake iya kwashe wuni yana ciniki a kan takalmi ɗaya. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ta fi tsohuwar tsada nesa ba kusa ba.

Ban yanke ƙauna ba, saboda ina da maigidana. Mutum ne da ya tsufa a cikin aikin, Badagombe, mai sanyin magana, wanda da ya ɗaga ƙarfe ya san asalinsa. Shi ya koya min duk abin da na sani game da kunnuwan sanda. Na same shi na faɗa masa halin da ake ciki, na roƙe shi ya ja kawuna gefe kafin ranar. Ya ce, "To, bari mu gani." Na ɗauka ya amsa ke nan. Ashe ban gama koyon yaren dattawa ba.

Ranar yaye ta zo. An dafa shinkafa da wake, an jera sobolo, wato zoɓo, a baho da ƙanƙara, mahaifiyata ta ɗaura sabon zane tana ta share ido da bakin mayafi. Kawu yana zaune a kujerar gaba. Aka jera kaya a tabarma, sandar nan a tsakiya tana walƙiya. Manyan fitoci suka fara tasowa.

Ni ina durƙushe a gefe, ba fuskokinsu nake kallo ba, hannayensu nake kallo. Duk wanda ya ɗauki sandar, babban yatsansa kai tsaye yake zuwa kan kunnuwan, ya danna kan ya ji yana rawa. Wani tsoho har ya taɓe baki kafin ya tuna ana kallonsa. Kowannensu ya gani, wallahi sun gani, babu wanda ya kwana biyu a aikin nan da ba zai gani ba. Amma kowa sai ya ɗago ya dubi farar rigar kawu, ya ce Masha Allah, Allah ya sa albarka, ya ajiye a hankali. Maigidana ne na ƙarshe. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗan saci kallona, na kafe shi da ido ina roƙonsa. Ya ce, "Sanda ya yi kyau, Alhaji. Masha Allah." Kawu ya waiwayo ya dube ni, irin kallon nan na ka ji ko.

Abokina, wanda muka koyi aiki tare kuma muka haɗa hannu muka kafa 'yar rumfa a unguwar Changli, shi ya ba ni haƙuri. Ya ce, "Cale, abokina, bar shi. Mu rataye shi a bango Alhaji ya dinga gani, mu yi aiki da wani." Shawarar ta yi min, har ya aro mana wata tsohuwa daga maƙwabcinmu. Muka manta da ragowar al'adar, ko kuma muka yi fatan kawu zai manta.

Kawu ba ya mantuwa. Da safe sai ga shi da wani amininsa mai motar ɗaukar doya, motar na biye da su tana ɗingishi. Tayar baya ce za a cire, notukan sun sha ruwan damina da jar ƙasa har sun zama jiki ɗaya da ƙarfen. Kawu ya ce wa aminin nasa, "Yau za ka ga aikin ɗana." Karo na farko ke nan da na ji ya kira ni haka a gaban baƙo, kuma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Aka kawo musu benci suka zauna dab da motar. Na zuba wa notukan mai, na ba su lokaci su sha, sannan na miƙa hannu ƙarƙashin mota inda abokina ya ɓoye sandar aro.

"Ina wadda na saya?" in ji kawu.

Na ce, "Kawu, tana ciki. Wannan notin ya yi tauri, bari in fara sassauta shi da wannan."

"Ɗauko ta."

Ku gaya min, me zan yi? In ce masa a gaban amininsa kayan da ya saya na banza ne, bayan duk dattawan layi sun yaba? Na shiga na ɗauko. Na cusa soket, na daidaita, na yi bisimilla. Ban sa mata bututu don ƙarin tsawo ba, ban taka ta da ƙafa ba, ban yi mata komai ba ban da abin da aka ƙera ta dominsa. Na danna a hankali, notin ko gezau. Na ƙara nauyi. Na ɗora jikina gaba ɗaya, sai na ji ƙas, duniya ta juye. Na tafi da fuska, hannuna na dama ya daki bakin ƙarfen taya da duk nauyina a kansa. Da na ɗago, hannun yana kallon inda hannu ba ya kallo. Kan sandar yana can maƙale a jikin noti, wurin da ya karye fari-fari da 'yan ramuka kamar garin rogo.

Abokina ne ya ɗora ni a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya kai ni wajen wani maɗori a bayan unguwar Kukuo. Ba zan ba ku labarin ɗorin ba, sai dai in ce na kira mahaifiyata da muryar da ban san ina da ita ba, ƙato da ni.

Ina tsammanin in na koma gida kawu zai zo ya tsaya a kaina, ko da bai ce komai ba. Bai zo ba. Ashe daga rumfarmu shagon nan ya wuce da guntayen sandar a hannu. Mai shagon, wanda ya ce a zo a kulle masa shago, ya duba ya girgiza kai, ya ce wannan ba karyewar aiki ba ce, ganganci ne. Ya tuna wa kawu cewa tun ranar sayayya yaron ba ya son kayan. Sannan ya kawo hujjar da ta gama da ni, ya tambayi kawu ko akwai masta ɗaya da ya kushe ta ranar yaye. Kawu ya duba ya ga babu ko ɗaya.

Mahaifiyata ce ta kawo min hukuncin tana kuka. Wai kawu ya ce da gangan na karya sandar don in kunyata shi a gaban amininsa, in nuna ni ne mai gaskiya. Na ce, "Mma, wane mahaukaci ne zai karya hannun da yake ci da shi don ya ci gardama?" Ta ce ta faɗa masa haka, ya ce ai sandar na yi niyya, hannun kuwa alhakinsa ne ya kama ni.

Na sha jin zafi a rayuwata, amma wannan maganar ta fi ɗorin ciwo. Kullum da safe sai in fito da hannu a rataye, in durƙusa a ƙofar ɗakinsa in ce Kawu ina kwana, ya bi ta gefena ya wuce yana gyara hula. Bai taɓa duban hannun ba. A gida ɗaya muke, matansa suna kawo min abinci a ɓoye kamar ɓarawo suke ciyarwa. Mahaifiyata ta rame a tsakaninmu, ga yayanta ga ɗanta. Ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, na ce ya yafe min kaifin bakina na ranar sayayya, domin wannan kam na yi. Ya ce ba shi yake son ji ba, in amsa cewa da gangan na yi, shi ke nan magana ta wuce. Na ce ba zan amsa abin da ban yi ba. Daga ranar na kwashe 'yan kayana na koma ɗakin abokina a Changli.

Mutum ɗaya ne zai iya warware wannan da kalma ɗaya, kuma kun san shi. Na je garejin maigidana da hannuna a ɗaure, na same shi a gindin darbejiya yana jan carbi. Ya yi min sannu, ya ƙara yi min sannu, har sannun ta fara ba ni haushi.

Na ce, "Masta, ka san sandar nan ba ta da kyau."

Ya ce, "Na sani."

"To ka je ka faɗa wa kawuna."

Ya ce, "In je in ce ma babban mutum ya sayi banza? Bayan na ce ya yi kyau a gaban mutane? Ka yi haƙuri, zuciya nasa zai sauka."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya koya min cewa ƙarfe ba ya jin kunyar kowa, shi ne yake zaune yana auna kunyarsa da hannuna, kuma kunyar ta rinjaya. Da farko ya yi shiru don kada kawu ya ji kunya, yanzu kuma yana shiru don kada shi ya ji. Na bi sauran dattawan ɗaya ɗaya, kowa ya ce ai maigidanka ne ya kamata ya fara. A layin nan kaf, in kun zauna da su a bayan mota za su gaya muku sandar banza ce, har dariya suke yi wa jar robarta. Amma a je a faɗa wa mutum ɗaya da ya kamata ya ji, an rasa mai zuwa. Wannan suke kira kara. Ni kuwa a lokacin na rasa sunan da zan ba shi wanda zan iya faɗa a gaban manya.

Watanni suka wuce a haka. Aka kwance ɗorin, hannun ya haɗe amma ya ƙi lanƙwasawa yadda ya saba. Abokina ne ke riƙe da rumfar, ni ina miƙa masa sufana da hagu. Tsohuwar sandar nan ta gwanjo ma wani ya saye ta, na wuce wata rana na tarar babu. Sallah ta zo ta wuce, na je gaisuwa gidan da na tashi, kawu ya ba kowa hannu ya tsallake ni.

Mahaifiyata ce ta fasa ƙwan, ita da ban taɓa jin ta ɗaga wa yayanta murya ba. A ranar ma ba ta ɗaga ba. Daga baya ta ba ni labari, ta same shi yana karin kumallo ta ce, "Yaya, ni ban san ƙarfe ba. Amma in kayan na da kyau kamar yadda aka ce, ai akwai irinsa a shagon. A ba wanda ya yaba ya gwada mana, in ɗana ne mai laifi ni da kaina zan kawo maka shi." Kawu mutum ne da ba a ƙure shi ya ja da baya. Ya ga dama ce ta rufe bakin kowa. Ya je ya sayo wata sak irin ta farko, ya aiko a ce in same shi a garejin maigidana.

Na tarar da shi tsaye da sandar a leda, fitocin layi sun fara taruwa, domin labari ya riga ni isa. Akwai wata tifa da aka ɗaga a jak ana shirin cire mata taya. Kawu ya yage ledar ya miƙa wa maigidana.

"Masta, kai ka ce min ta yi kyau. Ga irinta. Kwance min notin can, yaron nan ya ga yadda masu aiki ke yi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigidana ya karɓa, ya ce ai ba sai an yi haka ba Alhaji, kawu ya ce sai an yi. Ya tafi wajen tifar yana jan ƙafa, ya cusa soket, ya ɗora sandar. Sannan ya waiwayo ya ce, "Ku matsa baya. Alhaji, kai ma matsa." Ya ɗauko tsumma ya naɗe hannunsa. Ya ware ƙafafu ya kafa ɗaya a baya yadda ko an saki ba zai faɗi ba. Ya kawar da fuskarsa gefe, ya runtse ido, ya fara dannawa a hankali da 'yan yatsu.

Kawuna bai san ƙarfe ba, amma ya yi shekaru yana karanta fuskar masu ciniki. Bai matsa ba.

Ya ce, "Masta, tsaya. Me ya sa za mu matsa?"

Kawu ya nuna tsumman ya ƙara tambaya.

"Me ya sa ka naɗe hannunka?"

Maigidana ya saki sandar ya miƙe, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Alhaji, zai iya karyewa."

"Ranar yaye ma ka san zai iya karyewa?"

"Mutane sun cika wurin, Alhaji. Ban so ka ji kunya."

Kawu ya bi dattawan da ke tsaye da kallo, kowa ya samu abin dubawa a ƙasa ko a sama. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi musu sauƙi. Ya ce wa maigidana ya cire ta daga jikin motar kada ta ji wa wani. Sannan ya juyo wajena. Na durƙusa kamar yadda na saba, ina jiran ya wuce. Sai ya sunkuya ya kama hannuna na dama, ya juya shi, ya shafa ƙullin da ƙashin ya bari, ya gwada lanƙwasa shi ya ji ya tsaya a rabi.

Ya ce, "Iyakarsa ke nan?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan, Kawu."

Ya daɗe riƙe da hannun, baƙin man jikina yana ɓata masa hannun riga bai kula ba. Sannan ya ce, "Kwaso kayanka ka dawo gida." Bai taɓa ce min yi haƙuri ba har ya bar duniya, ni ma ban taɓa jira ba. Amma daga ranar, duk sanda na je gaishe shi, hannun nan yake fara kamawa.

Na daɗe da yafe wa kawuna, Allah ya jiƙansa. Shi so ya yi a ga maraya da sabon kaya, kuma da kuɗin guminsa ya saya. Mai shagon ma ban cika tuna shi ba, kura ce ta ci akuya, halinta ta yi. Waɗanda har yau nake jin zafinsu su ne masu Masha Allah, mutanen da suka sani, suka ɗaga ƙarfen suka ji yana rawa a hannunsu, suka sa masa albarka suka koma suka ci shinkafa. Da maigidana mun shirya, ina zuwa gaishe shi har ƙarshen ransa, ya koya min abin da nake ci da shi kuma ba zan manta ba. Sai dai in sanyin safiya ya shiga hannun nan, ba addu'a ce ke fara zuwa bakina ba, sai na yi istigfari tukuna.

Masu tambayata wace sanda za su saya, ga abin da nake ce musu. Ku bar kallon jikinta, ku dubi kanta. Kunnuwan su zama masu kauri, fil ɗin ya zama ana iya sauya shi, kan kada ya yi rawa. Girman kan ya dace da motar da kuke gyarawa, ta ƙananan motoci ba ta aikin tifa ko da mai shago ya rantse. In mai kaya ya ƙi bari ku gwada ta a noti na gaske, ku bar masa abinsa. Tsohuwa mai asali ko sabuwa mai asali duk ɗaya ne a wurina, kuma sau da yawa ba mai tsadar ce mai kyan ba.

Yanzu ni ma ina cikin waɗanda ake gayyata su sa albarka, kodayake na lura gayyatar tana raguwa. Nakan roƙi iyaye su zo mu je sayayyar tare, wasu su yarda, wasu su ga raini ne. Kwanakin baya aka kira ni wani yaye, na ɗaga sandar da ke tabarma na ji kanta yana rawa. Uban yana kujerar gaba da babbar riga, 'yan'uwa sun cika wurin. Na je na durƙusa kusa da shi, na rage murya iyakar iyawata, na ce Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma wannan ɗaya a mayar da ita, za ta karye a hannun ɗanka. Ya tashi ya bar wurin ko ruwa bai sha ba, aka yi ta cewa ba ni da kara, na ɓata wa mutane biki.

Uban har yau in mun haɗu a masallaci sai ya sauya sahu. Ɗan nasa kuwa yana da rumfarsa a bakin titin Kukuo, duk sanda na wuce sai ya taso da gudu ya gaishe ni da hannu biyu, kuma duka biyun suna lanƙwasawa.